Jawabi Kan Zaɓen Ɗaliban da Za Mu Tura Neman Sukolashif na Koyon Sana'a



An ɗora mini in yi magana kan yadda za mu zaɓi yaran sakandare da ƙungiya za ta sa wa hannu, su nemi sukolashif na makarantun sana'a. To, guraben ba su da yawa, masu nema kuwa ga su nan daga Sabon Gari har Magami. Kun kuma san tallafin karatu na jiha akan nemi takardar shaidar ɗan ƙasa, wadda wasu 'ya'yanmu ba su da ita, ko da a Jalingo aka yanke musu cibi. Saboda haka wasiƙarmu amana ce.

Na farko, sakamako. Kwalejin Aikin Gona ta nan Jalingo, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bali, suna neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a WAEC ko NECO ko NABTEB, sannan ga JAMB. Kada mu tura yaron da za a komo mana da shi daga ƙofa.

Na biyu, hannu. Karatun difloma shekara 2 ne, rabinsa aiki. A tambayi malamin aji, a tambayi maigidan da yaro ke zuwa garejinsa ko shagonsa bayan an tashi. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Na uku, bukata. A taka a je gidan. Maraya mai kiredit biyar ya fi cancanta a kan ɗan mai hali mai takwas, don shi wannan ubansa zai iya.

Na huɗu, 'yan mata. Ga makarantar koyon jinya da unguwarzoma a garin nan, kullum muna kukan babu 'ya'yanmu mata a ɗakin haihuwa. Wa zai tura su in ba mu ba?

Na ƙarshe, duk ɗan kwamitin da ɗansa ko ɗan ƙaninsa ke cikin masu nema, ya fita waje har a gama. In muka tura yaro don sanayya ya je ya kasa, to baɗi wasiƙarmu ba ta da daraja, kuma ɗan wani talaka ne zai biya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.