Jawabi Kan Zaɓen Kwamitin Rabon Agaji

Ofishin kariya ne ya wakilta ni in isar muku da wannan saƙo da harshenmu, don kada wani ya ce bai ji ba.

Za ku zaɓi kwamitin da zai kula da rajistar iyalai, rabon abinci da layin ruwa a nan Haj Abdalla. Roƙonmu shi ne kada ya zama na dattawa maza kaɗai.

Mace ce ke tsayuwa a layin ruwa tun asuba, ita ta san gidan da jarkarsa ta koma wofi. Ita ta san matar da sunanta ya faɗi daga takarda saboda mijin da aka rubuta ya rasu. Ita ta san hanyar ban-ɗakin da yarinya ke tsoron bi da dare. In babu ita a kwamiti, wa zai faɗa?

Matasa kuwa mun ga aikinsu. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, su ne suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suka ɗora tukwanen takiyya a unguwannin da ƙungiyoyi suka kasa shiga. Saurayin da muka bari yana zaman banza, mai bindiga ne zai fara ba shi aiki.

Sai masu masaukinmu. Ba mu manta da 2022 a jihar Nilul Azrak ba. Gardamar ƙasa da sarauta ce ta zama kisa, a Rusairis cikin watan Yuli, a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Buhun dawa ma yana iya tayar da irin wannan wuta, in aka raba shi a ɓoye, maƙwabci mai yunwa yana kallo. Don haka a ba mutanen gari kujera, a karanta sunaye a bainar jama'a. In saɓani ya taso, a kai wa ajawid tun yana ƙarami, da mace a cikin masu sulhun.

Ƙarshe, agaji kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko ya nemi 'yarki da lalata kafin ya rubuta suna, ki zo ofishin kariya. Akwai mace da za ta saurare ki, kuma asirinki a rufe yake.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.