Rangwamen Jirgin Ƙasa a Birtaniya: Sharaɗin da Fasinja Ke Gani da Wanda Ba Ya Gani

Takardar nan ta tsaya ne kan tambaya guda: wane irin sharaɗi ne ya halatta kamfanin jirgin ƙasa ya gindaya wa fasinjan da ya yi wa ragi? Na ɗauki Birtaniya misali domin a can rangwame ya yi rassa da yawa. Matsayina shi ne, sharaɗi yana zama adalci idan fasinja na iya ganinsa ya kuma cika shi kafin ya taka jirgi. Sharaɗin hoto ya cika wannan ma'auni. Dokokin lokacin cunkoso ba su cika ba.

Mu fara da tikitin shekara. Ma'aikacin da ke shiga Landan kullum daga garuruwan kewaye yana biyan kuɗin mako 40 ya yi zirga-zirgar mako 52, tikitin wata kuma farashinsa ninki 3.84 ne na tikitin mako. Kamfani bai yi wannan don Allah ba: ya karɓi kuɗinsa dunƙule tun farko, ya kuma san mutum guda ba zai wuce tafiya da dawowa sau ɗaya ba a yawancin ranakun aiki. Duk lissafin ragin ya dogara ne ga wannan mutum guda. Da za a bar tikitin ya riƙa yawo, maigida ya je aiki da safe, ɗansa ya karɓa da yamma, maƙwabci ya ara ranar Asabar, da lissafin ya rushe, kuma masu sayen tikiti kullum ne za su biya giɓin. Shi ya sa ake haɗa tikitin takarda da katin hoto: fasinja ya kai ƙaramin hotonsa tasha, a ba shi kati kyauta, a rubuta lambar katin a jikin tikitin. Mai duba tikiti ya kalli lamba, ya kalli fuska, magana ta ƙare.

Akwai masu cewa wannan takura ce, musamman a ƙasar da ba a tilasta wa kowa yawo da katin ɗan ƙasa. Ba na ganin ƙorafin ya yi ƙarfi. Katin ba ya tambayar asali ko sana'a, abin da yake tabbatarwa kawai shi ne mai riƙe da tikitin shi ne mai shi. Idan aka kwatanta da jirgin Abuja zuwa Kaduna, inda aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa bayan harin 28 ga Maris 2022, za a ga bambanci: can tsaro ne dalili, nan kuwa kare ragi ne kawai, kuma abin da ake nema bai wuce buƙatar ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Tun 2008 aka taƙaita sunayen tikiti zuwa uku: na kowane lokaci, na bayan cunkoso, da wanda ake saye tun da wuri don jirgi takamaimai. Sunayen sun yi sauƙi, dokokin da ke ƙarƙashinsu ba su yi ba. Babu ƙarfe ɗaya da cunkoso ke ƙarewa a duk ƙasar. A wata hanyar ƙarfe 9:30 na safe ne, a wata kafin haka ko bayan haka, wasu hanyoyin kuma suna da takunkumin yamma ga masu fita daga manyan birane. Abin da ake bugawa a jikin tikiti ƙaramar alama ce ta haruffa biyu, sai fasinja ya shiga intanet ya nemo fassararta. Katunan ragi na Railcard, masu sauke kashi ɗaya cikin uku, su ma da nasu ƙa'idojin. Katin 'yan shekara 16 zuwa 25 ba ya aiki kan tikitin wata ko na shekara, kuma daga ƙarfe 4:30 na asuba zuwa 10 na safe a ranakun aiki ba a biyan ƙasa da fam 12 da shi, amma an ɗage wannan a Yuli da Agusta. Wato abin da ya halatta ranar 31 ga Agusta yana iya zama laifi washegari. A Oktoba 2024 jaridun ƙasar sun cika da labarin wani matashi da kamfanin Northern ya yi wa barazanar kotu saboda wannan ƙa'ida kan fam 1.90, alhali tikitin da aka sayar masa sunansa na kowane lokaci. Sai da jama'a suka yi caa kafin kamfanin ya janye.

Za a ce rashin sanin doka ba uzuri ba ne, kuma duk mai zillewa biyan kuɗi “ban sani ba” zai ce. Gaskiya ne akwai masu zillewa, asararsu kuma kan masu gaskiya take faɗawa. Sai dai a duba nauyin hukuncin. Tun Janairu 2023 tarar Ingila ta koma fam 100 ban da kuɗin tafiyar, tana sauka zuwa 50 idan an biya cikin kwana 21, kuma bayan tara akwai kotu. A Agusta 2024 babban majistare na Ingila da Wales ya yanke hukuncin da ya share fagen soke dubun-dubatar ƙararraki na kuɗin jirgi, saboda kamfanoni sun bi hanyar shari'ar da doka ba ta ba su ba. Idan kamfanoni da lauyoyinsu sun iya tuntuɓe da ƙa'ida har haka, da wane ido za a kalli ɗalibin da ya kuskure minti goma?

Wasu na ganin a soke farashin cunkoso gaba ɗaya. ScotRail, hukumar jirgin ƙasa ta Sikotilan, ta gwada daga Oktoba 2023 zuwa Satumba 2024, aka dakatar saboda ƙarin fasinjojin bai rufe giɓin kuɗin ba, sannan gwamnatin Sikotilan ta soke shi dindindin a Satumba 2025, baitulmali na ɗaukar nauyin. Wannan zaɓi ne na siyasa, kuma ba na cewa dole kowa ya bi shi. Bambanta farashi yana da amfani: kujerar ƙarfe 11 da ta tafi fanko ba ta dawowa, gara a sayar da ita da araha.

Abin da nake kira gare shi ya fi haka sauƙi. A buga ƙarfen farawa da na ƙarewa ɓaro-ɓaro a jikin kowane tikitin ragi. Na'urar tasha da manhajar waya su ƙi sayar da ragin da ba zai yi aiki a jirgin da aka zaɓa ba. Wanda kuma ke riƙe da tikiti da katinsa mai hoto, ya kuskure lokaci a karo na farko, a karɓi cikon kuɗin a bar shi ya wuce, a ajiye tara da kotu ga wanda bai sayi tikiti ba ko ya ari na wani.