Taliyar Bayan Magariba

Uwargidan da ta taso daga aiki ƙarfe biyar, ta sha cunkoson hanya, ba ta da ƙarfin tuƙa tuwo, kuma babu mai ganin laifinta. A nan taliya ke fitar da gida kunya. Leda ɗaya mai giram 500 takan ishi mutum huɗu ko biyar, cikin minti goma ta nuna.

Inda muke kuskure shi ne cin ta zalla da manja da yaji. Akwai daɗi, amma yara na bukatar abin gina jiki. A soya albasa da attaruhu da tumatir, a zuba niƙaƙƙen nama, ba ya ɗaukar lokaci. In babu, ragowar balangun jiya ya wadatar, a yayyanka ƙanana. Karas a fara sa shi, yana da taurin kai. Kabeji kuwa sai an kusa saukewa, in ya yi luguf yara tsince shi za su yi gefe. Maigida ma ya kama yankan, ba ya zubar da girma.

Lokacin sanyi, in tumatirin Kadawa ya cika kasuwannin Kano, tukunyar nan ba ta cin kuɗi.