Mugun da Ake Tausayawa: Darajar Fim ɗin The Wolf Man na 1941



Laccar yau a kan wani tsohon fim ne na baƙi da fari wanda tsawonsa minti 70 ne kacal. Sunansa The Wolf Man, kamfanin Universal na Amurka ya fitar da shi a Disambar 1941, 'yan kwanaki bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor. George Waggner ya ba da umarni, Curt Siodmak ya rubuta labarin, Lon Chaney ƙarami kuma ya fito a matsayin Larry Talbot, mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci. Ba shi ne fim na farko a kan wannan jigo ba, domin kamfanin ya yi Werewolf of London tun 1935. Amma na 1941 ne ya zauna a zukatan jama'a, kuma dalilin zamansa shi ne ya sa mai kallo ya ji tsoron dodon, ya kuma ji tausayinsa a lokaci guda.

Labarin ya fara ne da komawa gida. Larry ya shafe shekara 18 a Amurka, rasuwar yayansa ce ta dawo da shi gidan mahaifinsa, Sir John Talbot, a ƙauyen Llanwelly na ƙasar Wales. A wani shagon tsofaffin kaya ya haɗu da Gwen Conliffe, ya sayi sanda mai kan azurfa da aka ƙera da siffar kyarkeci, don dai ya sami hanyar yi mata magana. Da dare suka tafi tare da ƙawarta Jenny wajen wasu baƙi masu yawo da keken doki, 'yan ƙabilar Romani, domin a yi musu duba. Mai duban, Bela, ya kalli tafin hannun Jenny, ya ga tauraro mai tsini biyar, alamar wanda kyarkeci zai kashe nan gaba. Hankalinsa ya tashi, ya kore ta. Ba ta yi nisa ba dabbar ta far mata. Larry ya ji ihu, ya ruga ya kashe dabbar da sandarsa, amma kafin nan ta cije shi a ƙirji. Da jami'an tsaro suka iso wurin, gawar Bela suka tarar, ba takalmi a ƙafarsa, ga sandar Larry a gefe.

A nan darajar farko take. Larry bai nemi asiri ba, bai shiga wata yarjejeniya da aljanu ba, bai ci amanar kowa ba. Ceton rai ya je yi, masifar ta same shi. Dracula na fim ɗin 1931 mugu ne da ke jin daɗin muguntarsa, Dokta Frankenstein kuma girman kai ne ya jefa shi cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Larry kuwa da safe yake farkawa ya ga sawun dabba da laka a dakalin tagarsa, ya ji labarin an kashe mai haƙa kabari, ya san shi ne, kuma ba shi da ikon hana kansa. Ƙaddara ta riga fata.

Wannan tunani yana da tushe a rayuwar marubucin. Siodmak Bayahude ne haifaffen birnin Dresden a 1902. Ya bar Jamus bayan 'yan Nazi sun karɓi mulki a 1933, ya zauna a Ingila, sannan ya wuce Amurka a 1937. Ya san yadda mutum ke kwana ɗan ƙasa ya wayi gari abin farauta ba tare da ya aikata komai ba, kuma shi da kansa ya danganta halin Larry da nasa. Masu nazari da yawa suna kallon tauraron da ke bayyana a tafin hannu tare da tauraron rawaya da aka tilasta wa Yahudawan Jamus liƙawa a tufafinsu daga Satumbar 1941. Akwai wani ɗan gajeren fage da ke nuna wannan sarai. Larry ya shiga majami'a ranar ibada, ya tsaya a baya. Kyamara ta bi layin kujeru, mutane suna waiwayowa ɗaya bayan ɗaya suna kallonsa, ba wanda ya ce uffan. Ya juya ya fita. Babu jini a wurin, babu gurnani, amma mai kallo ya gane ƙauyen ya riga ya yanke masa hukunci.

Daraja ta biyu ita ce dangantakar uba da ɗa. Claude Rains, wanda ya fito a matsayin Sir John, gajere ne mai sanyin murya, Chaney kuma ƙato ne, amma duk sanda suka tsaya tare ɗan ne yake ƙanƙancewa. Sir John mai ilimin taurari ne, ya yarda da abin da hankali ya tabbatar kawai. Da ɗansa ya gaya masa gaskiya, sai ya ɗauka ruɗu ne, haka ma likitan gidan, Dokta Lloyd, ya fassara abin da cutar ƙwaƙwalwa. Wadda kaɗai ta gaskata shi ita ce Maleva, tsohuwar mahaifiyar Bela, baƙuwar da 'yan gari ke wa kallon raini. Maria Ouspenskaya, wadda ta sami horo a gidan wasan kwaikwayo na Moscow Art Theatre, ta yi rawar cikin natsuwa irin ta uwar da ta taɓa ganin wannan bala'i a cikin gidanta.

Daren ƙarshe shi ne ƙolin fim ɗin. Larry ya ga tauraron a tafin hannun Gwen. Mahaifinsa ya ɗaure shi a kujera don ya nuna masa cewa babu abin da zai faru, ya shirya fita wajen mafarautan da ke neman kyarkecin. Larry ya roƙe shi ya tafi da sandar azurfar. Ɗan ya san abin da yake roƙo, uban bai sani ba. A cikin daji dodon ya kama Gwen, Sir John ya yi ta jibgarsa da sandar har ya daina motsi, sannan ya tsaya yana kallon gashin fuskar yana gushewa, fuskar ɗansa tana bayyana. Shugaban 'yan sanda ya iso ya ce lallai kyarkeci ne ya kai wa Gwen hari, Larry ya mutu wajen cetonta. Uban bai musa ba.

Daraja ta uku ta sana'a ce. Jack Pierce, wanda ya ƙirƙiro fuskar dodon Frankenstein da Boris Karloff ya saka, shi ya yi kwalliyar. Gashin yak, wani nau'in sa mai dogon gashi na tsaunukan Asiya, yake mannawa a fuskar Chaney kaɗan-kaɗan, ya ƙona bakinsa da ƙarfe mai zafi don ya yi kaushi, ya ɗora hancin roba, aikin da ke cin sa'o'i da dama. Rikiɗar kuwa ɗaukar hoto ce daki-daki: a ɗauka, a ƙara gashi, a sake ɗauka, sannan a narkar da hotunan cikin juna. Abin lura shi ne a rikiɗar farko ƙafafunsa aka nuna suna sauyawa, aka bar wa zuciyar mai kallo sauran. Dajin ma a cikin sutudiyo aka gina shi, da busassun itatuwa da hazo mai rufe ƙasa, Joseph Valentine ya haska shi ta yadda ƙaramin fili ya zama kamar ba shi da iyaka.

Tasirin fim ɗin ya wuce misali. Da yawa daga abin da mutane ke ɗauka tsohuwar al'adar Turai ce, kamar waƙar gargaɗin da ake maimaitawa a fim ɗin, Siodmak ne ya ƙaga. Cikar wata ma ba a nuna ta a nan ba, sai a fim na gaba, Frankenstein Meets the Wolf Man na 1943, ta zama ƙa'ida. Chaney ya yi rawar Larry a finafinai biyar har zuwa 1948. A 1981 John Landis ya yi An American Werewolf in London, inda 'yan wasan ke ambaton fim ɗin 1941 da bakinsu, kuma mai kwalliyarsa Rick Baker ya ci kyautar Oscar. Da aka sake yin labarin Talbot a 2010 da Benicio del Toro da kuɗi masu yawa, kwalliyar ta ci Oscar, amma fim ɗin bai sami karɓuwa irin ta asalin ba.

Fim ɗin na 1941 yana da nasa raunin. Larry ya fara ganin Gwen ne ta hanyar leƙen tagar ɗakinta da na'urar hangen nesa, abin da fim ɗin ya ɗauka wasa alhali keta haddi ne. An nuna Romani da irin siffar da Turawa suka saba liƙa musu ta duba da tsafi. Bela ya rikiɗa ya zama dabba mai ƙafa huɗu, Larry kuma yana tafiya da ƙafa biyu sanye da riga da wando, ba a bayyana dalili ba.

Jigon ba baƙo ba ne a wajenmu. A ƙasar Hausa da Barno an daɗe ana ba da labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kura da dare, kuma an san abin da zargin maita ke jawo wa wanda aka nuna da yatsa, musamman tsofaffi marasa gata. Kira ga marubuta da daraktocinmu shi ne su nemi wannan fim su kalle shi da idon ɗalibi, su lura da fagen majami'ar da fagen kujerar, sannan su rubuta labarin kura daga ɓangaren wanda ake zargi da iyalinsa.