Filin Jirgin Sama na Landan

Yau zancenmu na tafiya ne, ba na noma ba. Kowa a nan ya san filin jirgin sama na Sakkwato, mai sunan Sarkin Musulmi Abubakar na 3, inda alhazanmu ke tashi. To, akwai wani fili a Landan, babban birnin Ingila, sunansa Heathrow. Shi zan ba ku labari, don ku ga inda karatun nan naku ke kai mutum.

Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano. Shi kuwa Heathrow a 1946 aka buɗe shi ga matafiya. Yau wanda ya tashi daga nan sai ya bi ta Bodinga zuwa Sakkwato, ya shiga jirgi zuwa Abuja, can ya sake wani. Daga Abuja zuwa Landan awa 6 ne da 'yan kai.

Filin nan gari ne guda. A 2019 mutum fiye da miliyan 80 suka bi ta cikinsa, wato fiye da dubu 200 ke nan kowace rana. Tasha 4 ke aiki a ciki, kowace da lambarta: 2, 3, 4 da 5. Ta 1 an rufe ta a 2015. Tsakanin wasu tashoshin sai an shiga mota ko jirgin ƙasa.

Ga abin lura. A tashar motarmu ɗan kamasho ke ɗaga murya, yana kiran "Sakkwato! Sakkwato!" Ko makaho ya ji, ya shiga. Can babu ɗan kamasho. Allo ne ke magana, da kibiya, da lamba.

In ka sauka, sai ka bi kibiya har wurin masu duba fasfo. Su dubi hotonka, su dubi bizarka, su tambaye ka wurin wa ka zo, kwana nawa za ka yi. Mai karatu ya zaro takarda ya nuna adireshi. Wanda bai iya ba, ko takardar haya aka ba shi a madadin ta masauki, bai sani ba. Daga nan sai wurin kaya. Allo zai nuna lambar inda kayan jirginku ke fitowa, suna zagayawa bisa wani bel. Akwatuna baƙaƙe ne birjik, duk kama ɗaya. Wanda ya rubuta sunansa da hannunsa shi ke gane nasa da wuri.

Sai ƙofar kwastan, kore da ja. Mai kayan da za a biya wa kuɗi ya bi ja, wanda ba shi da su ya bi kore. Kada ka yi guzurin kilishi ko man shanu. Dokarsu ta hana shiga da nama da abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu, don tsoron cutar dabbobi. Karɓewa za su yi, kana ji kana gani. Kuma kada ka ɗaukar wa kowa ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba, ko da ya haɗa ka da Allah. Abin da aka samu a jakarka naka ne a gaban shari'a.

Ran komowa nan ne karatu ya fi rana. Bisa tikitinka akwai haruffa biyu da lamba, wato sunan jirginka. Na kamfanin British Airways da BA suke farawa. Sai ka tsaya gaban allo, ka nemi wannan lamba, ka bi layinta da ido har ka ga ƙofar da za ka shiga. A tasha ta 5 ƙofofin kashi uku ne: A, B da C, baƙaƙen nan da kuka fara koya a ajin nan. Mai zuwa B ko C sai ya hau wani ɗan jirgin ƙasa. Wanda ya ɗauki B a madadin A, kafin ya komo an rufe ƙofa. Jirgi kuwa ba motar kasuwa ba ne da za a ce direba ya dakata, mai shi ya tafi alwala.

Agogonsu ma sai an koya. Ba su cewa ƙarfe 2 na rana a allo, sai su rubuta 14:00. In lamba ta wuce 12, ka ɗebe 12, abin da ya rage shi ne ƙarfen. Audu, 19:30 fa? Madalla, bakwai da rabi na dare. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabansu da awa ɗaya, sauran watanni kuwa lokacinmu ɗaya.

Akwai ɗakin ibada a kowace tasha, inda matafiyi zai yi salla. Amma alƙiblar Landan ba gabas sak ba ce, tsakanin gabas da kudu take, sai ka duba alama ko ka tambaya.

Yanzu kowa ya ɗauki allinsa. Ku rubuta mini 16:45, ku faɗa mini ƙarfe nawa ke nan.