Ciwon Kwatangwalo: Kada A Jira Sai An Kwanta



Ɗazu na lura mu da muka yi tsere a filin makaranta, yau sai mun dafa kujera kafin mu miƙe. To, kada mu ce sanyin ƙashi ne kawai.

Tun 1962 Dokta John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila ya daidaita aikin sauya gaɓar kwatangwalo: a cire kan ƙashin da ya lalace, a sa na ƙarfe cikin ƙoƙon roba. Masu amosanin jini ma sukan buƙaci aikin, idan jini ya daina isa kan ƙashin.

In ciwo ya dawo bayan aiki fa? Nan hoton nukiliya yake taimakawa. Akan yi allurar sinadarin teknetiyam-99m a jijiya, bayan kamar awa 3 kyamara ta nuna inda ya taru, misali wurin da ƙarfen ya saki. Kada sunan ya tsorata ku, rabin ƙarfinsa yakan tafi cikin awa 6.

Shawarata ita ce, a je asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, tun ƙafa tana takawa.