Fikof ɗin jitar bes: wane za ka saya, kuma ina aka dasa shi?

Wani ƙanenmu daga Argungu ya turo saƙo, ya ce ya yi shekara guda yana tara kuɗin jitar bes, yanzu zai ba da saƙo a sayo mai daga Kano. An turo mai hotuna uku, duk jita ce mai tsirkiya huɗu, amma baƙaƙen abubuwan da ke ƙarƙashin tsirkiyar sun bambanta. Wace zai ɗauka?

To ƙanena, abin nan shi ake kira fikof. Ba motar ɗaukar buhunan shinkafa ba fa! Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Shi ne kunnen jitar.

Kafin mu zo ga iri, fara duba wurin da aka dasa shi. Duk wanda ya taɓa riƙe molo ko gurmi ya san wanga abu: in ka kaɗa tsirkiya kusa da jaki, sautin siriri ne mai kaifi, in ka matso wajen wuya sai ya yi kauri. Dalili, tsirkiya ta fi lilo a tsakiyarta, a bakin jaki kuwa motsinta kaɗan ne. Fikof abin da ke samansa kawai yake ji. Na kusa da wuya yana jin gurnani, na kusa da jaki yana jin tsini.

Hoton farko, mai fikof ɗaya da aka raba gida biyu a tsakiyar jiki, samfurin Precision ne. Leo Fender ya fito da Precision a Amurka a 1951, a 1957 aka raba fikof ɗin biyu: rabi na sauraren tsirkiyoyi biyu masu kauri, rabi na sauraren sirara. An naɗe su saɓanin juna, don haka ƙugin wutar lantarki da ɗaya ya kwaso, ɗayan ya kashe shi. Da irinta James Jamerson ya kaɗa waƙoƙin Motown.

Na biyu, mai dogayen fikof biyu sirara, ɗaya wajen wuya ɗaya wajen jaki, samfurin Jazz ne, na 1960. Tana da murya iri-iri, gaskiya tana da daɗi. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley ya fitar da kauri daga cikinta, Jaco Pastorius kuma ya fitar da kaifi ta fikof ɗin jaki. Jita iri ɗaya, murya biyu.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Fikof ɗin Jazz kowane naɗi ɗaya gare shi. In ka buɗe su duka biyun daidai wa daida, shiru kake ji. Da ka rage ɗaya, sai "zzzz". Ni wannan ta taɓa ci na. Wani biki aka yi nan cikin gari, fili ne a waje, janareta na bayan rumfa, an ja waya ɗaya an rataya mata fitilu da fanka da kayan sautinmu gaba ɗaya, ba wayar da aka binne a ƙasa. Na rage na jaki don in sami kauri, sai lasifika ta kama kuka kamar an tono gidan zuma. Uwar amarya ta aiko a tambaya ko wani abu ke ƙonewa. Haka na ƙarasa daren da muryar da ban so ba, kuma gidan ba su sake kiranmu ba. A situdiyo mai tsabtatacciyar wuta matsalar ƙarama ce. Mu kuwa sau nawa muke wasa a situdiyo?

Hoto na uku, mai faffaɗan fikof ɗaya can kusa da jaki, kwaikwayon StingRay ne na kamfanin Music Man, 1976. Naɗi biyu ne a gida ɗaya, ba ya ƙugi, sautinsa na ratsa taro. Sai dai yana aiki da batir mai bolt 9. In ka bar waya a soke cikin jitar ka kwana, batir na ci. Ranar da ya mutu tsakiyar waƙa, sauti ya fara karkarwa ke nan, ya ɗauke. Kuma kaifin nasa yakan shiga hurumin kalangu da fiyano, su yi ta rigima a kunne.

Akwai na huɗu da ba a turo maka ba, ana ce mai PJ: rabebben fikof a tsakiya, siriri ɗaya a jaki. Kada a ruɗe ka cewa ba ya ƙugi. Na jakin ba shi da abokin da zai kashe mai ƙara, in ka buɗe shi zai yi. Amfaninsa, in wuta ta yi datti ka rufe shi, ka koma kan na tsakiya.

Ni dai in kuɗina ne, kuma bukukuwa da taruka na waje zan bi da janareta, Precision zan ɗauka, in an samu PJ a kuɗin da bai wuce ƙarfina ba, ita. Ka gaya wa mai sayo maka kada ya biya sai an soka ta a amfilifaya. Ya buɗe kowane fikof shi kaɗai, ya ɗan ƙwanƙwasa kansa da sukuddireba, in yana da rai zai ji "ƙwas" a lasifika. Ya duba tsatsa a kan maganaɗisun, don gumi na cin su. In ta iso, danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuya, ka bar tazarar kamar milimita 2 zuwa 3 tsakaninta da fikof.

Mako mai zuwa za mu taɓa maganar tsirkiya da ƙurar hunturu. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasan wanga rubutu. Mu kwana lafiya.